Manɗiƙi, Harshe da Fada: Sharhi a kan Amsoshin Shehu Magili ga Askiya Muhammadu, tare da Waiwaye ga Toma na Akino

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana duba matsayin harshe cikin tunanin Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Magili, malamin da ya koyar a Takedda da Kano da Katsina da Gawo a ƙarshen ƙarni na 15. Mun kwatanta shi da Toma na Akino, jigon malaman tauhidin Kirista na ƙarni na 13. Abin da muke son nunawa shi ne, Magili ya yi gaskiya da ya ce siffar hujja ba ta da ƙabila, amma da ya zo yanke hukunci a kan mutanen da bai ji harshensu ba, ya ba muƙaddimominsa yaƙinin da siffar ƙiyasi kaɗai take da shi.

0. Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatun falsafa cikin Faransanci, a lise ko a jami'a, ya ji labarin malaman coci da ake kira ƴan sikolastik, wato waɗanda suka ɗauki manɗiƙin Aristo suka mai da shi ma'aunin tauhidi. Galibi akan karantar da wannan babi kamar tarihin wata duniya da ba ta shafe mu ba. Alhali kuwa ƙasar Hausa ta ga irin wannan malami da idonta, ya zauna a fadar Kano, ya bar almajirai da zuriya da littattafai, kuma hukunce-hukuncensa sun yi aiki a Gobir da Barno shekara 300 bayan rasuwarsa.

Masana tarihi sun yi rubutu mai yawa a kan Magili, musamman John Hunwick, wanda ya buga matanin Amsoshin da fassararsa a 1985. Kafin shi Ravane Mbaye ya fassara su zuwa Faransanci a mujallar IFAN a 1972, Joseph Cuoq kuma ya sa su cikin kundinsa na 1975. Namu nazari ya fi waɗannan ƙanƙanta. Tambaya ɗaya muke bi, tambayar mai nazarin harshe: yaya Magili ya ɗauki dangantakar lafazi da ma'ana, kuma me wannan ya haifar sa'ad da sarki ya nemi ya gaya masa wane ne Musulmi?

1. Mutumin da tafiyarsa

An haifi Magili a Tilimsan cikin rabin farko na ƙarni na 15. Ya yi karatu wurin Abdurrahmanu as-Sa'alibi na birnin Aljaza'ir da kuma Yahaya ɗan Yadir, sannan ya zauna a Tamanɗiɗ, cikin dausayin Tuwat, zangon ayarin da ke ratsa sahara. A can ne ya tayar da rikicin da ya fara fito da sunansa. Ya ce Yahudawan Tuwat sun warware alkawarin amana, saboda haka majami'arsu ba ta da hurumin tsayawa. Alƙalin garin, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba. Aka aika tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, ra'ayi ya rabu, al-Wansharisi kuma ya tattara fatawoyin cikin al-Mi'iyar. Da goyon bayan at-Tanasi da as-Sanusi ya iso, Magili ya sa aka rushe majami'ar, kuma Ahmad Baba na Tumbuktu ya ruwaito cewa ya sa ladar miskali 7 a kan kowane Bayahude da aka kashe.

Daga Tuwat ya gangaro Abzin, ya koyar a Takedda, inda Aida Ahmad at-Tazakhti, wanda daga baya ya yi alƙalanci a Katsina, ya yi karatu wurinsa. Ya shiga Kano zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya rubuta masa wasiƙa mai tarihin 897 na Hijira, wato 1491 ko 1492, da kuma littafin nan Tajuddini a kan wajiban sarakuna. Sharifan Kano suna danganta kansu da shi ta wajen ɗansa Isa, wanda ake kira Sidi Fari. Daga ƙasar Hausa ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓe mulki a 1493. Yana can aka kawo masa labarin kisan ɗansa a Tuwat, ya nemi Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke Gawo, Mahmudu ɗan Umaru Aƙit na Tumbuktu ya ce ba a kama wanda bai yi laifi ba, aka sake su. Ya koma Tuwat ya rasu a 909 na Hijira (1503 ko 1504).

2. Gardamar manɗiƙi

2.1. Magili da Suyuɗi

Magili ya tsara wata waƙa ta koyar da manɗiƙi mai suna Minahul Wahhab, ya yi mata sharhi da kansa. Ta samu karɓuwa, domin Ahmad Baba ya lissafa ta cikin abin da ya karanta wurin malaminsa Muhammadu Bagayogo a Tumbuktu. A wancan lokaci Jalaluddini Suyuɗi (1445-1505), wanda sarakunan Agadas da Katsina suka samu wasiƙarsa, yana Alƙahira yana haramta wannan fanni. Suka yi musayar baitoci. Abin da Magili ya dogara da shi, in an taƙaita, shi ne cewa manɗiƙi hanya ce ta tantance gaskiya a cikin ma'ana, kuma ana auna magana da hujjarta, ba a auna ta da addinin wanda ya fara faɗinta.

Ana yawan ɗaukar Suyuɗi a matsayin mai ƙin tunani kawai, wanda kuwa rashin adalci ne gare shi. Cikin littafinsa Saunul Manɗiƙi wal Kalam akwai hujja ta harshe mai nauyi. Ya kawo muhawarar da aka yi a Bagadaza cikin ƙarni na 10 tsakanin manahawci Abu Sa'id as-Sirafi da Matta ɗan Yunusa, Kirista mai fassara littattafan Aristo. Sirafi ya tsaya a kan cewa manɗiƙin Aristo nahawun Girkanci ne da aka yi wa ado, kuma wanda bai ƙware a Larabci ba ba shi da ikon auna ma'anar maganar Larabawa. Wannan hujja ba ta mutu ba. A 1958 Emile Benveniste ya sake tayar da ita da kayan aikin ilimin harshe na zamani, ya nuna cewa rukunan nan 10 na Aristo suna bin rabe-raben nahawun Girkanci sawu da ƙafa, ya kuma kawo harshen Ewe na Togo, inda aikin kalmar “être” ya rarrabu tsakanin aikatau 5.

2.2. Gwaji da Hausa

Tunda gardamar a kan harshe take, ya kamata mu gwada ta da namu. Ga ƙiyasi na siffa ta farko:

(1) Kowane raƙumi dabba ne.
(2) Kowace dabba mai mutuwa ce.
(3) Saboda haka kowane raƙumi mai mutuwa ne.

Natija ta fito ba tare da wata tangarɗa ba. Sauyawar “ne” da “ce” bisa jinsi ba ta taɓa ƙarfin hujjar ba. Haka kuma in mutumin Filinge ko na Abala ya faɗe ta da “na” da “ta”, kamar yadda ake yi a Hausar yamma, babu abin da ya ragu. A nan Magili ne da gaskiya: siffar ƙiyasi tana ƙetare harsuna kamar yadda lissafi yake ƙetare su.

Amma a dubi waɗannan:

(4) Audu malami ne.
(5) Akwai malami a garin.
(6) Audu yana Abala.
(7) Audu ya zama malami.

Faransanci da Latinanci za su iya ɗaukar (4) da (5) da (6) da aikatau guda, (7) kuma ta tsaya kusa da su. Hausa ta raba su. “Ne” ba aikatau ba ce, ba ta ɗaukar lokaci, aikinta jingina siffa ga abu. “Akwai” kuwa samuwa take tabbatarwa, ba ta faɗin ko mene ne abin. Malaman Larabci sun gamu da irin wannan matsala tun da wuri, har Farabi ya tattauna cikin Kitabul Huruf yadda aka aro “huwa” da “maujud” don cike gurbin abin da Girkanci yake da shi, Larabci ba shi da shi. Ke nan duk hujjar da ta rataya a kan kalmar “kasancewa” ita kanta, ba ta ƙetare iyakar harshe kyauta. Sai an biya kuɗin fito, wato sai an ƙirƙiri kalma ko an lanƙwasa wata, kamar yadda malamanmu na zaure suka ɗora wa “samuwa” nauyin “wujudi”. A nan Sirafi da Suyuɗi suna da rabonsu na gaskiya.

Kalmomin fannin da suka shigo Hausar yau da kullum suna ƙara tabbatar da haka. “Dalili” a wurin masu manɗiƙi shi ne abin da ke nuna wani abu, amma a bakin jama'a ya koma sababi, kamar a “dalilin zuwana”. “Zati” ya sauko daga haƙiƙar abu ya zama ƙirar jiki, har ana cewa wane yana da kyan zati. “Illa” ta bar ma'anar musabbabi ta tsaya a kan aibi. Kalma takan iso da lafazinta, ma'anarta kuwa ta sake zama bisa ga gidan da ta sauka.

3. Waiwaye ga Toma na Akino

An haifi Toma wajen 1225 a Rokaseka, kudancin Italiya. Ya fara karatu a gidan ibada na Monte Kasino, ya ci gaba a Napoli, ya shiga ɗariƙar Dominikawa a 1244 duk da ƙin danginsa, ya bi malaminsa Alber Babba zuwa Pari da Kolon, ya zama shehin malami a jami'ar Pari a 1256. Ya daina rubutu a watan Disamba na 1273, babban littafinsa Summa bai kammalu ba, ya rasu ran 7 ga Maris 1274 a Fosanoba. Bai iya Girkanci ba, bai iya Larabci ba. Aristo ya iso gare shi ta hannun masu fassara, tare da sharhin Ibn Sina da Ibn Rushdi. Bambancin da ya gina tauhidinsa a kai, tsakanin mene ne abu da kuma samuwar abin, daga Ibn Sina ya gaje shi. Abin lura shi ne, wannan bambanci da Latinanci ya sha wahalar fitarwa daga saiwa ɗaya, Hausa ta riga ta ajiye shi cikin nahawunta tsakanin misali na (4) da na (5).

Kamar Magili, Toma ya yi fama da masu ganin hikimar Girkawa guba ce. An hana karantar da littattafan Aristo na ilimin halitta a Pari a 1210 da 1215, kuma a 1277, shekara 3 bayan rasuwarsa, bishop Etienne Tempier ya haramta jumloli 219, wasunsu suna kusa da koyarwarsa. Sai a 1323 coci ta sa shi cikin waliyyanta.

Kamancin bai tsaya nan ba. Toma ya rubuta wa sarkin Kubrus littafi a kan sarauta, kamar yadda Magili ya rubuta wa Rumfa. A wajen 1271 kuma wata sarauniya, wadda masana suka fi karkata ga cewa Margarit ta Flandar ce, ta aiko masa da tambayoyi, mafi yawansu a kan Yahudawan ƙasarta. Ya amsa cewa bisa doka suna cikin bauta ta dindindin, mai mulki yana iya karɓar dukiyarsu muddin bai hana su abin rayuwa ba, kuma su sa tufafin da zai bambanta su, kamar yadda majalisar Lateran ta 1215 ta umarta. Cikin Summa ya ce ba a tilasta wa wanda bai taɓa karɓar addini ba, ba a kuma yi wa ƴaƴan Yahudawa baftisma ba da yardar iyayensu ba, amma ɗan bidi'ar da ya ƙi tuba bayan gargaɗi ana miƙa shi ga hukuma ta kashe shi. Wato shi ma ya fi tsananta wa na ciki da ya karkace bisa ga na waje.

Inda suka rabu shi ne tsarin rubutu. Kowace mas'ala cikin Summa, wadda tambayoyinta sun haura 500, tana farawa da hujjojin abokin gardama, a jere, da ƙarfinsu, kafin marubucin ya faɗi nasa ra'ayi, sannan ya koma ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsari ya fito ne daga muhawarar baki ta jami'a. Amsoshin Magili kuwa fatawa ce: mai tambaya ɗaya, mai amsa ɗaya, wanda ake magana a kansa ba ya nan. Ba mu cewa tsarin Toma ya hana shi tsanani, misalan da muka kawo sun isa shaida. Sai dai mai karatun Summa yana iya jin muryar wanda aka kayar, har wani lokaci ya ga ta fi amsar ƙarfi. Mai karatun Amsoshi ba shi da wannan dama.

4. Amsoshi ga Askiya

4.1. Tambaya ta farko: malaman da ba su iya Larabci ba

Tambayoyin 7 ne, kuma ta farkonsu tambayar harshe ce. Askiya ya ce a ƙasarsa akwai masu karatu Ajamawa, waɗanda ba su fahimtar Larabci sai kaɗan, shi ma da gurɓata lafazi da juya ma'ana, amma suna da littattafai, suna hukunci, suna cewa su magada annabawa ne. Shin ya halatta ya bi su? Magili ya raba malamai gida biyu, ma'abota zikiri, waɗanda suka haɗa ilimi da tsoron Allah, da miyagun malamai masu cin dukiyar mutane da ƙarya. Ya sa waɗanda aka siffanta masa cikin kashi na biyu.

A nan muke ganin rauni na farko. Tambayar ta ƙunshi abu biyu da ya kamata a raba: raunin Larabci da raunin hali. Na farko ana gane shi da jarrabawa, na biyu da shaidu. Amsar ta bar su a cakuɗe, har mai karatu ya fita da tunanin cewa gurɓatar lafazi alama ce ta gurɓatar zuciya. Wanda ya gaya wa Suyuɗi cewa ana auna magana da hujjarta, shi ne kuma ya yarda a auna malaman Gawo da lafazinsu. Lalle mai fatawa yana bukatar Larabci, wannan babu gardama. Amma kada a manta cewa mai tambayar sabon sarki ne da ya ƙwace mulki daga gidan Sunni Ali, kuma malaman da yake kuka da su ya tarar da su a ƙasar. Amsar da ta tuɓe musu rawani ta yi wa fada amfani ƙwarai.

4.2. Tambaya ta biyu da ta uku: aiki a matsayin alama

Tambaya ta biyu a kan Sunni Ali (1464-1492) take: yana furta kalmar shahada, yana azumi, amma an ce yana girmama itatuwa da duwatsu, yana wasa da salla, yana halatta jinin Musulmi. Ta uku ta shafi wasu jama'a masu shahada waɗanda suke da ɗakunan tsafi, suna kuma neman labarin gaibu wurin yanyawa. Magili ya bi ƙa'idar Alƙali Iyal cikin Asshifa: ba a kafirta ma'abocin alƙibla da zunubi, amma akwai ayyukan da ba su fitowa sai daga kafiri, kamar sujada ga gunki. Da wannan ya hukunta kafircin Sunni Ali da mataimakansa, ya ce yaƙarsu ta fi yaƙar waɗanda ba su taɓa furta shahada ba.

Ƙiyasin a fili yake: duk mai aikin kaza kafiri ne, wane ya yi aikin kaza, saboda haka wane kafiri ne. Siffarsa ba ta da aibi. Matsalar tana cikin muƙaddima ta biyu, kuma kayan gano ta suna cikin babin farko na kowane littafin manɗiƙi, wato babin dalala. Masu fannin sun raba nuni gida 3: na hankali, kamar hayaƙi da wuta, na ɗabi'a, kamar nishi da ciwo, da na yarjejeniya, kamar kalma da ma'anarta ko tuta da rundunarta. Na ukun ne Saussure ya gina iliminsa a kai a darussan da aka buga a 1916. Sun kuma raba nunin lafazi gida 3. Kalmar “rijiya” tana nuna rijiya ɗungum, wannan muɗabaƙa ce. Tana nuna bakinta da gindinta a matsayin sassa, wannan tadammuni ne. Tana kuma kawo guga a zuciya, wannan iltizami ne. Masu manɗiƙi sun sharɗanta cewa iltizamin da za a dogara da shi sai ya zama lazimi a hankali, domin na al'ada yana sauyawa daga gari zuwa gari. Wanda ya tashi inda ake jan ruwa da inji, rijiya ba ta kawo masa guga.

To zuba hura a gindin itace, ko ɗaura ƙyalle a reshe, wane irin nuni ne? Ba hayaƙi da wuta ba ne. Nuni ne na yarjejeniya, wanda ma'anarsa take hannun masu yinsa: yana iya zama bauta, yana iya zama neman magani, ko girmama kabarin kaka, ko shaidar mallakar ƙasa. Ba a sanin wanne ne sai an tambaye su da harshensu. Ga shi kuwa bayanin ya iso wa Magili daga bakin abokin gabarsu, cikin Larabci, bayan ya bi ta hannun tafinta. Kalmomin da aka zaɓa a tambayar, irin su gunki da bauta, sun riga sun yanke hukuncin kafin a kai ga amsa. A ilimin manɗiƙi wannan shi ne shigar da natija cikin muƙaddima.

Ƙasar Kurfai ta ba mu misali na kusa. A wajen 1925 Hauka ta ɓulla a yankin Filinge, iskokinta suna kwaikwayon sojoji da kwamandojin Faransa. Hukumar mulkin mallaka ta karanta abin a matsayin tawaye, ta kama masu yi ta tsare a Yamai. Malami mai bin ƙa'idar Amsoshi zai karanta shi a matsayin shirka. Su kuwa masu abin, bisa ga Jean Rouch, wanda ya ɗauki fim ɗinsu a Akara a 1954, cewa suke iskokin daga Bahar Maliya suka zo, babbansu Istanbula kuma Musulmi ne. Ba muna cewa fassarar masu yi ita ce hukuncin shari'a ba, wannan aikin malaman fiƙihu ne. Muna cewa alama ɗaya ta ɗauki karatu 3, kuma wanda ya yanke hukunci bai ji na ukun ba, bai gama tattara muƙaddimarsa ba.

4.3. Abin da ya tsaya da ƙafarsa

Adalci ya sa a faɗi inda Amsoshin suke da ƙarfi. Magili ya buɗe su da tuna wa Askiya cewa mulki amana ce da za a tambaye shi a kanta. Da aka tambaye shi game da yaƙar ƙasashen maƙwabta, ya raba su 3: wadda ba ta da shugaba, wadda shugabanta yake kula da jama'arsa, da wadda shugabanta azzalumi ne, ya kuma ce a ta ƙarshen sai an auna, kada kawar da ɓarna ya jawo wadda ta fi ta. Ya yi magana a kan tauye mudu da algus a kasuwa da kalmomin da har yau ba su tsufa ba. A waɗannan wurare rabe-rabensa suna taƙaita hannun sarki. Tajuddini ma, mai babi 8, yana maimaita gargaɗi guda a ƙarshen babobinsa game da sarkin da talakawa ba su iya kaiwa gare shi. Abin da muke zargin Magili da shi shi ne bai lura cewa harshe ma shamaki ne tsakanin mai hukunci da wanda ake hukuntawa ba.

5. Gadon Amsoshin

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗebo daga Amsoshin da yawa, musamman cikin Sirajul Ikhwan na 1811, inda hukuncin Sunni Ali ya zama ma'aunin sarakunan Hausa. Wanda ya fi kowa gano raunin da muka nuna shi ne Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno, cikin wasiƙun da Muhammadu Bello ya adana a Infaƙul Maisuri na 1812. Al-Kanemi ya ce abubuwan da ake zargin Barno da su saɓo ne da jahilci, ana samun irinsu a kowace ƙasar Musulmi, har ya kawo misalin wata itaciya a Dimyaɗ ta Masar da talakawa suke yi wa abin da ake yi a nan, ba wanda ya kafirta garin. Gardamarsa da Bello, in an tuɓe mata rigar siyasa, gardama ce a kan dalala: shin aikin yana nuna kafirci da kansa, ko sai an san nufin mai yi?

Shi kansa Shehu Usmanu ya yi yaƙi da wani nau'in wuce iyaka na masu ilimin kalam, waɗanda suke kafirta talakan da bai iya kawo hujjojin tauhidi bisa tsarin littafi ba. Bello ya ce ya yi rubuce-rubuce fiye da 50 a kan wannan. Hanyar da shi da Abdullahi da Nana Asma'u suka bi, ta koyar da tauhidi cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa, ita ce amsa mafi kyau da aka ba tambayar Askiya ta farko. Tun kafin su ma, a ƙarni na 17, Muhammadu al-Wali na Bagirmi ya rubuta al-Manhajul Farid, sharhin ƙaramar aƙidar Sanusi, wanda ya ciro daga bayanin da malamai suke yi da Fulatanci ya mayar Larabci. Ajamawan da aka raina lafazinsu sun zama masu ba Larabci sharhi.

6. Kammalawa

Mun ga cewa Magili da Toma sun sha daga rijiya ɗaya, manɗiƙin Aristo kamar yadda malaman Musulunci suka gyara shi, kuma dukansu sun kai shi fada. Gwajin da muka yi da Hausa ya nuna siffar ƙiyasi ba ta damu da harshe ba, amma kalmomin da ake zubawa cikinta suna ɗauke da al'adar masu su. Kuskuren Amsoshin yana daidai wannan gaɓa, inda bayanin da ya bi ta bakin tafinta ya samu darajar yaƙini.

Batun bai tsaya cikin littattafai ba. Abala ta karɓi ƴan gudun hijirar Mali daga 2012, aka kuma sa gundumar cikin dokar ta-ɓaci a 2017 saboda hare-haren ƙungiyoyin da suke halatta jinin masu salla da sunan kafirci. Ba mu ɗora wa malamin ƙarni na 15 laifin wannan ba. Amma tambayar da aka yi masa a Gawo ita ce ake amsawa da bindiga, kuma masu nazarin harshe suna da abin cewa a kanta.

Aiki biyu muke ba ɗalibanmu shawara a kai. Na farko, a tattara kalmomin manɗiƙi da tauhidi kamar yadda malaman zaure suke fassara su da baki a Filinge da Tawa da Damagaram, a kwatanta da ma'anarsu ta kasuwa. Na biyu, a yi nazarin kalmomin rarrabe mutane, irin su arne ko azne, da bamaguje, da kafiri, a ga abin da kowace take nufi a bakin wanda ake kira da ita da kuma a bakin mai kiran. Fassarar Amsoshin zuwa Hausa, in za a yi ta, tana bukatar sakamakon waɗannan bincike biyu kafin a fara.